Allon da Na Rubuta da Jan Fenti

Salama gare ku, 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Shekaranjiya da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa, sai saƙo ya shigo wayata daga wani zauren dillalan gidaje da aka jefa ni ciki ba da sanina ba. Ga abin da aka rubuta: "Ɗaki biyu da falo, akwai famfo, kusa da kasuwa. Ba a ba gwauro, ba a ba bazawara, ba a ba mutanen ƙauye." Har da hoton fure aka liƙa a ƙarshe. Na ajiye faifan, na karanta sau uku. Ba mamaki na yi ba, kunya ce ta rufe ni. Domin irin wannan talla, ni na fara rubuta ta a unguwarmu, da hannuna, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce. Ban taɓa ba kowa labarin daga farko ba, ko 'ya'yana. Yau zan ba ku.

Sunana Ruƙayyatu. A Malanville aka haife ni, bayan babbar kasuwa, inda in ka hau katanga kana hango gadar da ta haye zuwa Gaya. A shekarar 1978 ina da shekara goma sha tara. Zamanin soja ne, zamanin da ko mai sayar da gyaɗa in zai yi magana da ma'aikaci sai ya ce masa kamarad. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na fara na gaba, sai Baba ya ce karatun ya isa, in zo in riƙa taya shi zama a rumfarsa ta atamfa. Ban ji haushi sosai ba. A duk danginmu ni kaɗai ce macen da ke karanta Faransanci, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin kaina da hakan ƙwarai.

Babana, Alhaji Na-Allah, mutum ne mai sanyin hali, bai iya musu ba. Yana da wa, Baffa Sha'ibu, dillali ne na komai: gida, fili, shanu, buhunan albasa. In Baffa ya yi magana, Baba ba ya ɗora tasa a kai, tun suna yara haka suke. A shekarar nan Baba ya gina wasu ɗakuna huɗu a jikin gidanmu, na siminti da rufin kwano, da ƙofarsu daban ta bakin hanya, don a sa 'yan haya.

Wata Laraba da la'asar Baffa ya shigo zaure da wani faffaɗan katako da gwangwanin jan fenti. Ya aika aka kira ni. Na durƙusa na gaishe su, shi da Baba.

"Ke 'yar lakwal, yau karatunki za shi amfani. Rubuta muna talla ga katakon ga. Ki sa ɗakuna na haya."

"To, Baffa. Da Hausa ko da Faransanci?"

"Faransanci mana! Ma'aikata muka biɗa, 'yan duwan, jandarma, malaman lakwal. Ƙasa kuma ki ƙara: ba a ba masunta, ba a ba mutanen bakin gulbi."

Baba ya ɗan gyara zama. "Yaya, wanga na ƙasan, da an bar shi ga baki."

"Kai ba ka san haya ba. In kab ba mutum guda na Garou ɗaki, gobe danginai goma na kwance tsakar gida, ga taru, ga warin kifi. Wane ma'aikaci za shi zauna? Kuma da Faransanci na. Waɗanda anka nufa ba su iya karantawa balle su ji haushi, waɗanda muka so su gani su ji daɗi."

Baba ya mayar da idonsa kan carbinsa. Ni kuwa na tsoma tsinke a fenti.

A nan nake so ku tsaya ku ji ni da kyau, don kada wata ta ce ai yarinya ce, ba ta sani ba. Na sani. Innata, Zeinabu, wadda ta haife ni, 'yar Garou ce. Kakana na wajen uwa masunci ne, da kwalekwalensa da tarunsa har ya rasu. Na san wannan sarai sa'ad da nake jan layin. Abin da ke cikin kaina a lokacin shi ne kada fentin ya zuba, kada harafi ɗaya ya fi wani tsawo. Na ce a raina, ai Inna ta daɗe da zama 'yar gari, ba ita ake nufi ba.

Aka kafe allon a saman ƙofa. Washegari Inna ta yafa mayafi ta fita musamman don ta gani. Ba ta iya karatun boko ba, ko baƙi ɗaya. Ta tsaya a gabansa tana murmushi, ta kira maƙwabciyarmu Hajiya Yari.

"Zo ki ga hannun ɗiyata! Diba yadda taj jera su, awa na ma'aikatan biro."

Ina daga cikin zaure ina jin su. Na koma ciki da sauri, na hau wanke kwanukan da an riga an wanke.

Ɗakuna uku suka shiga cikin mako biyu: ɗan duwan ɗaya, wato ma'aikacin kwastan, malamin lakwal da matarsa, da wani magatakarda. Saura na ƙarshe, na kusa da rijiya.

Ranar da Issufu ya zo, ina shara a ƙofar gida da safe, da tsohuwar atamfata ta aiki, ɗankwalina ma a karkace. Na ji tsayuwar keke. Dogon saurayi ne baƙi, da rigar kaki wadda aka goge har ta yi ƙyalli, ƙafar wandonsa ɗaya ya ɗaure da roba saboda sarƙar keke, laka ta fantsama masa har gwiwa. Ya yi sallama, na amsa. Ya ɗaga kai ya dubi allon. Na ga leɓensa yana motsi a hankali. Karantawa yake.

Ya gama, ya sake komawa layin ƙasa. Sa'an nan ya dube ni.

"Wa yar rubuta wanga?"

Da na iya cewa ban sani ba. Amma girman kan nan nawa ya riga ni. "Ni ta."

"Hannunki na da kyau," in ji shi. Ba da gatse ya faɗa ba, kuma abin da ya fi ƙona ni ke nan. "Sunana Issufu. Ina aiki gonar shinkafa ta gwamnati, wajen injin ban ruwa. Ɗaki nike biɗa. Amma ni ɗan Garou na, ubana masunci. Kin rage mani wahalar shiga."

Ya juya kekensa. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ya sha kwana.

Ranar Asabar, kasuwa ta cika maƙil, mutanen Gaya da na Guéné da na ko'ina, sai ga shi a gaban rumfarmu. Baba ya tafi masallaci. Ya ce zane yake so na tsohuwa, mai duhu, wanda ba ya nuna dauɗa. Na sauko masa da kala uku, ina kauce wa idonsa. Da na ga zai tafi, na yi ƙarfin hali.

"Ka samu ɗakin?"

Ya girgiza kai. "Gida bakwai na shiga. Ko'ina sai a tarbe ni da fara'a, a ba ni ruwa, a tambaye ni ɗan wane gari. Da na ce Garou, sai a tuna jiya-jiyan nan wani yak kama ɗakin. Naku kaɗai yag gaya mani gaskiya tun daga waje."

"Kai kaɗai za ka zauna?"

"Ba don ni ba na. Innata ta. Tari ya kama ta, likita ya ce allura kullum har wata ukku. Ga damana, hanyar Garou ta ɓaci. Ina ɗauko ta bisa keke da asuba, in maida ta da rana. Shekaranjiya mun faɗi cikin laka ni da ita."

Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ya naɗe zanen ya tafi. Ni kuwa ranar nan duk wanda ya zo sayayya sai ya maimaita mini magana sau biyu.

Daga nan ya riƙa biyowa ta rumfarmu duk ranar kasuwa. Ba ya daɗewa. Wata rana ya ga ina karanta tsohuwar jarida da aka naɗo kaya da ita, sai mako na gaba ya kawo mini aron wani littafi na labarin ƙasa. Da na buɗe a gida, na sami 'yar takarda a tsakiya: "Ban riƙe ki a zuciya ba. Na san ba ke kinka yanke maganar ba." Na kwana biyu ina juya amsa. A ƙarshe na rubuta: "Amma ni na riƙe tsinken." Na mayar masa da littafin. Da ya sake kawo wani, takardar ciki ta ce: "Wanda ya iya faɗin haka, ina son in ƙara saninsa." Na ɓoye ta a ƙarƙashin jeren kwanukan Inna, cikin wata samira da ba a taɓa buɗewa. Ku 'yan matan yanzu da saƙo ke iso muku kafin ƙiftawar ido, ba za ku gane abin da ake ji ba in an jira kalma goma har kwana bakwai.

Na fara kula da abin da nake sawa ranar Asabar. Inna ta lura da na ciro atamfata mai ruwan ganye wadda nake ajiya don biki, ta bi ni da kallo.

Sai wata Asabar ya zo babu littafi a hannunsa, fuskarsa ba walwala.

"Ruƙayya, na so ki ji daga bakina kahin ki ji ga wani. Na kai maganar allon ku biro, wajen hukuma."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. "Ka kai ƙarar Babana?"

"Na kai ƙarar allon. Sauran gidajen ba ni da shaida, magana ta baki ta. Naku a rubuce shike."

"Rubutuna na, Issufu! Ni za a kira!"

"Na sani. Shi yas sa na yi kwana ashirin da takardar cikin aljihu ban kai ba. Jiya Innata ta yi tari har da jini bisa hanya. Ba ni iya zaɓenki in bar ta."

Na ce masa ya tafi. Na ce kada ya ƙara tsayawa a rumfarmu. Ya tafi ba tare da ya kare kansa ba, ni kuma na shige bayan tulin atamfa na yi kuka. Haushinsa nake ji, amma ko a cikin kukan na san da ni ce a matsayinsa, ko kwana biyu ba zan jira ba.

Ranar Talata jandarma ya kawo takardar kira. Mutum uku ake nema ranar Alhamis da safe: mai gida, dillali, da wanda ya rubuta allo. Ku da ba ku ga zamanin nan ba, ku sani takarda irin wannan ba wasa ba ce. Ana raɗe-raɗin an tafi da wane, an rufe shagon wane, kuma ba mai tambayar dalili da ƙarfi. Baba ya kasa cin abincin rana.

Bayan la'asar Baffa ya sa aka kira ni zaure. Wannan karon har tabarma ya nuna mini.

"Ɗiyata, zauna. Ke mai hankali ta. In munka je, ki ce layin ƙasan nan ke kinka ƙara shi da kanki, yarinta ta, mu ba mu iya Faransanci ba balle mu sani. Ke mace ta, ƙarama. Faɗa kawai za a yi maki, a sallame mu."

"Baffa, ƙarya za ni yi gaban hukuma?"

"Ubanki za ki ceta! In anka ce shina raba kan talakawa, kin san inda za a kai shi? Kin san gidan ga na iya tahiya? Wa yak kai ki lakwal ɗin da kika taƙama da shi?"

Na dubi Baba. Kansa na ƙasa, yana jan carbi. Da ya ce mini "yi" ko "kada ki yi," da na sami abin riƙewa. Sai da na miƙe ya ce, a hankali, "Ruƙayya, ki yi tunani." Shi ke nan.

Inna ta san an kira mu biro, amma ba wanda ya gaya mata dalili. Ranar Laraba da safe muna bakin rijiya, ita tana cuɗa wanki ni ina ɗauraya, sai ta tsame hannunta ta share a zane.

"Ke, mi ak ga allon nan?"

"Talla ta, Inna. Ɗakuna na haya."

"Layi biyu na gani. Na sama gajere, na ƙasa dogo. Karanta mani na ƙasan."

Na so ƙasa ta tsage. Na faɗa mata da Hausa, muryata ba ta fita sosai. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan turmin da ke kife, ta daɗe tana kallon ruwan kumfa. Sa'an nan ta yi magana da Dendi, harshen da take yi mini kawai in abu ya kai mata zuciya.

"Shekara ashirin da biyu ina gidan nan. Ran da aka kawo ni, Baffanki ya ce a wanke amarya da kyau kada ɗaki ya ɗauki ƙarni. Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi ba. Tun daga ranar ban ƙara dafa kifi a gidan nan ba sai in ubanki ya yi tafiya. 'Yan uwana in sun zo kasuwa, a bakin gulbi nake zuwa in gaishe su." Ta ɗago ta dube ni. "Duk wannan na haɗiye. Amma na ja Hajiya Yari da hannu, na kai ta ta ga rubutun ɗiyata. Jikanta na lakwal yana tsaye a wurin. Ashe shi ya sa ya sunkuyar da kai."

Na durƙusa na kama ƙafarta ina kuka. Na gaya mata komai: abin da Baffa ya ce in faɗa, da Issufu, da tsohuwarsa mai tari, har da takardun cikin samira.

"Na ga takardun tun tuni," in ji ta. "Ban iya karantawa ba, amma na san ba lissafin atamfa ba ne." Ta ɗaga ni. "Ba zan ce ki ceci ubanki ba, ba zan ce ki kayar da shi ba. Abin da ya faru shi za ki faɗa. Har da naki."

Ranar Alhamis muka fito. Baba da farar shadda, Baffa da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muna bakin ƙofa sai ga Inna ta fito da wani baƙin saƙi da ban taɓa ganin ta ɗaura ba, irin na matan ƙauyukan gulbi, da tsofaffin awarwaron azurfa a hannu. Baffa ya ce ba a kira mata ba. Ta ce, "An kira mutanen bakin gulbi, Yaya. Sunanmu na bisa allo." Ta wuce gaba. Baba ya bi ta da ido, bai hana ta ba.

Biron ɗaki ne mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Ma'aikacin da muka tarar mutumin kudu ne, mai kaki da tabarau, da mai fassara zaune a gefensa. An riga an ciro allon, an jingine shi a bango. Issufu na zaune a benci, ya miƙe ya gaida su Baba har ƙasa. Baffa ya kau da kai.

Ma'aikacin ya buɗe wani ƙaton littafi ya yi ta juya shafi. Ya rufe, ya buɗe wani. Ni da nake kusa na gane abin da yake nema: dokar da ta yi magana a kan tallan gidan haya. Ga alama bai same ta ba. A ƙarshe ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, ya karanta cewa an hana duk abin da zai raba 'yan ƙasa saboda ƙabila ko yankin da suka fito. Ya ce wannan ta isa. Sa'an nan ya dube ni.

"Kamarad, ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Wa ya ba ki kalmomin?"

Na ji numfashin Baffa a bayana. Na ji ƙarar carbin Baba ta tsaya. Na amsa da Faransanci, sa'an nan na maimaita da Hausa don kowa ya ji.

"Baffana ya faɗa. Babana ya ce a bar layin ƙasan a baki, amma bai hana ba. Ni kuma na rubuta, kuma na san ma'anar kowace kalma. Uwata 'yar Garou ce, ga ta nan zaune."

Baffa ya yi wuf ya miƙe. Da ya ga ba mafita, sai ya juya kan ma'aikacin. "Kamarad, a yi gaskiya! Kai da kanka, bara da anka kawo ka garin ga, ba ni nas samo maka gida ba? Mi kac ce mani? Ba cewa kay yi in biɗo maka inda babu warin kifi ba?"

Mai fassara ya rasa ko ya fassara ko ya bari. Ma'aikacin ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, muryarsa ta sauka. Ya ce ba za a tsare kowa ba. Allo ba zai koma ba. In za a yi talla, a faɗi yawan ɗakuna da inda suke, kada a faɗi irin mutumin da ake so ko wanda ba a so. Ɗakin da ya rage kuma a ba wanda ya fara zuwa nema, yau ɗin nan.

Na sha tunanin wannan hukunci a tsawon rayuwata. An sauke katako ɗaya. Sauran gidaje bakwai da suka ba Issufu ruwa suka sallame shi, ba wanda ya kira su, domin ba su rubuta komai ba. Bayan ranar ma dillalan garin sun koyi darasi, amma ba wanda aka so su koya ba: sun daina rubutawa, sun ci gaba da cewa an kama. Duk da haka ba zan ce aikin banza ba ne. Tsohuwa ɗaya ta daina faɗuwa cikin laka.

A hanyar gida Baffa ya ce wa Baba, da ƙarfi don in ji, "Ɗiyarka ta saida mu gaban kahiri saboda ɗan masunta." Ya rantse ba zai ƙara taka gidanmu ba. Baba bai dube shi ba, ni ma bai dube ni ba. Da muka isa ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa.

Inna kuwa ko zanenta ba ta sauya ba. Ta ɗauki kwando ta nufi bakin gulbi, ta dawo da kifi banda manya guda huɗu. Ta hura wuta a tsakiyar gida, ba a kicin ba, ta yi miyar kifi da tuwon shinkafa, ƙamshi ya cika unguwa. Ta zuba wa Baba ta kai masa da kanta. Ta zuba wa 'yan haya. Ta cika wani kwano ta ba Hajiya Yari ta miƙa gidan Baffa. Kwanon Baffa ya dawo ba a taɓa ba. Na Baba ya fito wayam.

Da la'asar Issufu ya iso da tsohuwarsa a bayan keke, siririya, ta lulluɓa da zanen nan mai duhu. Inna ta tarbe ta da Dendi, kafin su kai ƙofar ɗaki har sun gano kakanninsu sun yi maƙwabtaka. Na share ɗakin, na shimfiɗa tabarma, na kawo randa. Ni da Issufu kowa ya kama aikinsa. Sau ɗaya muka haɗa ido a bakin rijiya, na kau da kai, don har lokacin ban san ko na huce ba.

Da ya gama shigar da kayanta, ya nemi ganin mai gida. Baba ya fito zaure. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na laɓe a bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida.

"Alhaji, na zo godiya, na zo kuma ban haƙuri. Ba don in tozarta ka na yi ba."

"Ya wuce," in ji Baba, a gajarce. "Ga mabuɗi na biyu, naka."

"A bar shi wajenku, Alhaji. Inna kaɗai za ta zauna. Ni can wajen aiki za ni riƙa kwana, ɗakin injin."

Na ji Baba ya gyara zama. "Kai yaro, ka kai ni gaban hukuma saboda ɗakin ga, ka raba ni da yayana, yanzu kuma ka ce ba ka kwana ciki? Mi ad dalili?"

Issufu ya gyara durƙuso. Da ya yi magana, muryarsa na rawa, shi da bai yi rawa a gaban ma'aikaci ba.

"Alhaji, bai kamata namiji ya kwana gidan da shika son biɗar aure ba. In ka yarda, ran Juma'a baffannina za su taho daga Garou. Masunta na, dukansu. Na so ka sani tun daga waje."

Na dafe bakina da hannu biyu. A bayana na ji Inna ta ajiye muciya. Daga ɗakin kusa da rijiya ina jin tarin tsohuwa. Baba, mutumin da bai taɓa yanke magana ba tare da wansa ba, yau ga magana a gabansa, ba wa a gefe.

Sai na ji ya yi gyaran murya. Bai ɗaga sauti ba, don ya san inda nake.

"Ruƙayya. Na ga ƙahwarki ƙarƙashin zana. Shigo nan, ki faɗa mani gaskiya kan maganar yaron ga, awa yadda kinka faɗe ta da sahe."